IDAN MAI KARƁAR KOKE DA MAI KAI ƘARA SUKA SAƁA, WA ZAI TAMBAYE SU?

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi a ofis, ko ya taɓa jiran albashi a ƙarshen wata, ya san gano ɓarna dabam, hukunta mai ɓarna dabam. A ƙasar nan an raba waɗannan ayyuka biyu ga ma'aikatu biyu. Ɗaya ita ke karɓar koke-koken talakawa ta bincika, ɗayar kuwa ita ke riƙe da mabuɗin ƙofar kotu. Muddin suna jituwa, to, babu magana. Amma ran da mai bincike ya ce lalle ga laifi, mai kai ƙara kuma ya ce shi bai ga abin kai wa alƙali ba, wane ne ke da ikon ya kira su, ya ce kowa ya faɗi hujjarsa a bainar jama'a?

Wannan magana ta shafi masu karatunmu na wajen Birnin Kudu da Gwaram ƙwarai, domin Jihar Jigawa ta shiga sahun jihohin da suka kafa hukumarsu ta karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci, Gwamna Umar Namadi ya ƙaddamar da ita a 2024. Sabon gini kuwa, tun ƙasa tana da danshi ake gyara shi.

A ƙaddara ga wani malamin firamare a Kangire, ya lura ana biyan albashi da sunan mutanen da ba a taɓa ganinsu a aji ba. Ya yi ta maza, ya rubuta takarda, ya biya kuɗin mota zuwa Dutse ya miƙa. Hukuma ta bincika, ta tarar da gaskiyarsa, ta haɗa fayil. Daga nan sai shiru. Wata ya wuce, shekara ta zagayo, wanda aka kai ƙararsa yana nan a kujerarsa, ya kuma san wanda ya tona shi. Malamin nan ba ya bukatar kowa ya karanta masa tsarin mulki kafin ya gane an bar shi a rana. Abin da yake so ya sani shi ne, a hannun wa fayil ɗin ya kwana, kuma don me.

Asalin mai karɓar koke

Sauraron kukan wanda mai mulki ya zalunta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya rubuta masa nasiha a kan yadda sarki zai riƙe jama'a da adalci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami, inda ya yi bayanin ayyukan masu mulki, har da mayar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa. To, amma a wancan tsari wanda ya ji kukan shi ne mai zartar da hukunci, ba ya jiran sa hannun kowa.

Irin ofishin da muke da shi yanzu daga Turai aka aro shi. A 1809 Majalisar ƙasar Suwidin ta kafa kujerar wani babban ma'aikaci, a harshensu ombudsman, watau wakili, don ya riƙa duba ko alƙalai da ma'aikatan sarki suna bin doka. Abin lura a nan shi ne, Majalisa ce ta naɗa shi, ita kuma yake kai wa rahoto, sarki ba shi da hannu a kansa. A Afirka Tanzaniya ce ta fara kwaikwayon wannan a 1966. Nijeriya ta bi baya bisa shawarar kwamitin Udoji na 1974, sa'ad da Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da doka mai lamba 31 ta 1975. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, shi ne ya fara shugabantarta.

A yau Majalisar Tarayya ce ke naɗa kwamishinonin wannan hukuma, tana da ofis a babban birnin kowace jiha, ba a kuwa biyan ko kwabo don a kai mata kuka. Sai dai ikonta gajere ne. Tana bincike, tana ba da shawara, amma ba ta gurfanar da kowa. In ta ga alamar an aikata laifi, dokarta ta ce ta sanar da hukumar da ta dace. Ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, ba ta kuma karɓar kukan da ya wuce wata 12 da aukuwa. Hukumomin jihohi irin ta Kano sun fi ta haƙori, domin an haɗa musu sauraron koke da yaƙi da cin hanci, suna kama mutum, suna kai shi kotu. Duk da haka, akwai wanda ke bisa kansu in an isa gaban alƙali.

Mai riƙe da mabuɗi

Wannan shi ne Antoni-Janar, watau Babban Lauyan Gwamnati. Sashe na 174 na tsarin mulkin 1999 ya ba na Tarayya iko iri uku, sashe na 211 kuma ya ba na jiha irinsu. Yana iya buɗe shari'ar laifi a kan kowa. Yana iya karɓe shari'ar da wata hukuma ko wani mutum ya riga ya buɗe. Sa'an nan yana iya janye ta a kowane mataki, muddin alƙali bai yanke hukunci ba. An dai gindaya masa cewa ya lura da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da shari'a.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan iko ba shi da amfani. Akwai ƙarar da ake ƙullawa don ƙeta, akwai wadda shaidunta suka mutu ko suka watse, akwai mai binciken da ɗoki ya kwashe shi ya tuhumi wanda bai ji ba bai gani ba. Dole a sami wani masanin shari'a da zai iya cewa a tsaya haka nan. Inda gizo ke saƙa shi ne, mutumin nan ɗaya yana sanye da hula biyu. Shi ne Babban Lauya, shi ne kuma Kwamishinan Shari'a. Gwamna ne ya zaɓo shi, yana zama a Majalisar Zartaswa tare da kwamishinonin da wata rana fayilolinsu za su zo teburinsa, Gwamna kuma yana iya sallamarsa da safe kafin azahar.

Ba haka aka fara ba. Tsarin mulkin 1960 ya ajiye ikon gurfanarwa a hannun Daraktan Gabatar da Ƙararraki, ma'aikacin Gwamnati wanda ba ɗan siyasa ba, aka ce kada kowa ya juya shi. Ba a daɗe ba aka sake shawara, da aka zo tsarin jamhuriya na 1963 sai ga Daraktan a ƙarƙashin Antoni-Janar. An yi yunƙurin raba hulunan biyu a gyaran tsarin mulki da Majalisar Tarayya ta zartar, amma Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu a 2015, wannan rabuwar kuwa tana cikin abubuwan da ya ce bai yarda da su ba.

To, in Antoni-Janar ya janye shari'a, ba za a iya kai shi ƙara kotu ba? An gwada. A 1983 wata shari'a daga Legas, wadda lauyoyi ke kira shari'ar Ilori, ta kai har Kotun Ƙoli. Alƙalai suka ce ba aikin kotu ba ne ta bincika dalilin da ya sa Antoni-Janar ya janye ƙara. In ya yi ba daidai ba, abin da zai kama shi shi ne bakin jama'a, da kuma wanda ya naɗa shi, wanda ke da ikon tuɓe shi. Watau kotu ta wanke hannunta, ta ce wannan magana ta siyasa ce, a je a yi ta inda ake siyasa.

Abin da ya faru a Ingila a 1924

Alƙalan nan ba daga iska suka ɗauko wannan ra'ayi ba, daga al'adar Ingila suka gaje shi. Amma a can akwai abin da ya sa ra'ayin ya zauna daidai, domin Antoni-Janar ɗan Majalisa ne, yana zaune a cikinta, kowane wakili yana iya tashi ya tambaye shi.

A 1924 aka tuhumi wani ɗan jarida mai suna Campbell da laifin zuga sojoji su yi tawaye, saboda wata takarda da jaridar 'yan gurguzu ta buga. Ba da jimawa ba Antoni-Janar, Sir Patrick Hastings, ya janye ƙarar. Sai wakilai suka tsaya kai da fata, suna tambaya ko Majalisar Ministoci ce ta sa baki. Amsoshin da Firayim Minista Ramsay MacDonald ya bayar ba su gamsar ba. Ran 8 ga Oktoba aka jefa ƙuri'a a kan a kafa kwamitin bincike, wakilai 364 suka goyi baya, 198 suka ƙi. Gwamnati ta faɗi, aka sake zaɓe a ƙarshen watan. Ku duba fa, ƙara guda ɗaya ce tak, ta ɗan jarida guda, ta ci Gwamnati sukutum. Tun daga ran nan kowane Antoni-Janar a can ya san cewa takardar janye ƙara ba a sa mata hannu sai an shirya amsar da za a ba Majalisa.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan tsari. A zamanin Jihar Arewa ministoci suna zaune a zauren Majalisa a Kaduna, ana yi musu tambaya suna miƙewa su amsa. A wannan zaure ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo shawararsa ta 1950 a kan gyaran mulkin En'e, wadda tsofaffin akawuna ba su manta da ita ba. Daga 1979 muka koma tsarin Amurka, inda wakilin da aka ba minista ko kwamishina yake barin kujerarsa ta Majalisa. Ta haka muka riƙe ikon Antoni-Janar irin na Ingila, muka saki linzamin da Ingila ke riƙe shi da shi.

Amma ba a saki duka ba, wannan kuwa shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sashe na 108 ya ce dole kwamishina ya halarci Majalisar Dokokin jiha in an gayyace shi, ya yi bayanin yadda ma'aikatarsa ke tafiya. Sashe na 128 ya ba Majalisa ikon bincike don tona almundahana, da sakaci, da ɓarnar kuɗin da ita ta ware. Sashe na 129 kuma ya ba ta ikon kiran shaidu da neman takardu. Kwamishinan Shari'a ba a keɓe shi daga ko ɗaya ba.

Darasin Kano

Mutanen Birnin Kudu da Gwaram ba sa bukatar a kai su nesa, domin har zuwa 27 ga Agusta 1991 da Kano suke. Gwamna Ibrahim Shekarau ne ya kafa ofishin karɓar koke-koke na Kano a 2005, dokar 2008 ta mayar da shi cikakkiyar hukuma. Sunanta ya fito sosai a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, sa'ad da Barista Muhuyi Magaji Rimingado yake shugabantarta.

A 2019 hukumar ta binciki kuɗin Masarautar Kano, ta yi zargin an kashe Naira biliyan 3.4 ba bisa ƙa'ida ba, ta ba da shawarar a dakatar da Sarki Muhammadu Sanusi II. Fada ta musanta zargin. Ran 9 ga Maris 2020 Gwamnati ta tuɓe Sarki. Dattawa suka tuna da binciken Baturen nan Muffett a baitulmalin En'e ta Kano, wanda ya kai ga murabus ɗin kakansa Sarki Muhammadu Sanusi I a 1963. A wannan lokaci dai hukumar da Gwamnati bakinsu ɗaya.

Bayan shekara guda da 'yan watanni sai iska ta juya. Ran 5 ga Yuli 2021 Majalisar Dokokin Kano ta dakatar da Muhuyi na wata ɗaya, bisa kukan da ofishin Akanta-Janar ya kawo cewa ya ƙi karɓar wani akanta da aka tura hukumar. Kafin watan ya ƙare Majalisa ta ba da shawarar a kore shi ɗungum. Jaridu a lokacin sun ruwaito cewa hukumar tana binciken wasu kwangiloli da ake dangantawa da makusantan Gwamna, amma dalilin da aka rubuta a takarda na akanta ne. Wanda aka ɗora a matsayin riƙo kuwa shi ne Barista Mahmud Balarabe, Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a. Ba muna aibata mutumin ba ne, kujerun muke dubawa. An ɗauko ma'aikacin da ke ƙarƙashin Antoni-Janar an zaunar da shi a kujerar mai karɓar koke, ka ga mai bincike da mai riƙe mabuɗi sun zama 'yan gida ɗaya, ba sauran saɓanin da kowa zai ji. Muhuyi bai koma kujerarsa ba sai Yunin 2023, bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau mulki.

A ganinmu babban abin takaici a nan shi ne inda Majalisa ta karkata. Ikon nan na kira da tambaya, wanda aka ba ta don ta tsare Gwamnati, sai ta juya shi a kan mai binciken Gwamnati. Ba laifi ba ne Majalisa ta tuhumi shugaban hukuma, domin shi ma ɗan Adam ne, hukumar da ke kama mutane kuwa ta fi kowa bukatar a sa mata ido. Amma adalci shi ne a kira ɓangarorin duka, a ji ta bakin kowa a fili, a kuma tambayi waɗanne fayiloli ne ke kan tebur a ranar da rikicin ya tashi.

Akwai kuma iyakar da ya kamata wakilai su sani. A Oktoban 2018, da jaridar Daily Nigerian ta Ja'afar Ja'afar ta fitar da faifan bidiyon da aka ce ya nuna Gwamna Ganduje yana karɓar daloli, abin da shi ya musanta, Majalisar Kano ta kafa kwamitin bincike. Babbar Kotun jihar ta tsayar da shi, ta ce binciken laifi aikin 'yan sanda ne da hukumomi irinsu. A Maris 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce ita ma hukumar jihar ba ta da hurumi a wannan magana. Saboda haka Majalisa ba kotu ba ce, ba za ta ce wane ɓarawo ne ba. Abin da ke hannunta shi ne ta tambayi ma'aikata yadda suka yi da ikon da aka damƙa musu, wannan kuwa babu kotun da ta hana.

A Tarayya ma labarin bai sake ba. Hukumar EFCC ta shafe shekaru tun 2011 tana shari'a da tsohon Gwamnan Gombe, Sanata Danjuma Goje. Kotu ta riga ta soke yawancin tuhume-tuhumen, saura kaɗan. A Yunin 2019 ofishin Antoni-Janar ya karɓe shari'ar, a Yuli ya janye ragowar, kotu a Jos ta sallame shi. Mai yiwuwa ne akwai hujja mai ƙarfi ta yin haka. Amma da yake abin ya zo daidai da lokacin da Sanatan ya janye daga takarar shugabancin Majalisar Dattawa, sai zato ya cika gari, da an bayyana hujjar a zauren Majalisa da shi kansa ya fi samun wankewa. A 2020 kuma saɓani ya fito fili tsakanin Antoni-Janar Abubakar Malami da muƙaddashin shugaban EFCC Ibrahim Magu, aka dakatar da Magu, aka kafa kwamitin Mai Shari'a Ayo Salami. Kwamiti ya miƙa rahoto a Nuwamban shekarar, amma har Shugaba Buhari ya sauka a Mayun 2023 ba a buga shi jama'a sun gani ba.

Saura Dutse

Majalisar Dokokin Jigawa tana da wakilai 30. Ba sai ta jira gyaran tsarin mulki daga Abuja ba kafin ta yi abin da ke hannunta. Tana iya ɗaukar al'ada cewa kowace shekara, kafin a amince da kasafin Ma'aikatar Shari'a, hukumar koke-koke ta ajiye rahotonta a teburin Majalisa, a ga koke nawa ta karɓa, nawa ta warware ta hanyar sulhu, nawa ta ga sun cancanci kotu. Sa'an nan a gayyaci Kwamishinan Shari'a bisa sashe na 108, ya faɗi nawa daga ciki ya bari suka tafi, nawa ya karɓe, nawa ya janye, da dalilin kowace.

Za a ce ai wannan zai ɓata shari'ar da ke gaban alƙali, ko ya zubar da mutuncin wanda ba a tabbatar masa da laifi ba. Wannan tsoro yana da tushe, ba mu raina shi ba. Maganinsa shi ne a bar maganar da ke gaban kotu sai ta ƙare, fayil ɗin da aka rufe ba tare da tuhuma ba kuma a ambace shi da lamba, a sakaya suna. Shari'ar da aka riga aka janye kuwa ba ta gaban kowane alƙali, babu abin da bayani zai ɓata mata. Za a kuma ce Majalisar da jam'iyyar Gwamna ta cika ba za ta matsa wa kwamishinansa ba. Sau da yawa haka ne. Amma tambayar da aka yi a zaure tana shiga littafin Majalisa, ko an amsa ko an kauce, 'yan jarida suna ji, Gwamnatin gaba kuma za ta tarar da ita a rubuce. Ma'aikacin da ya san za a karanta dalilinsa a fili yakan sake duba fayil kafin ya jefa shi a durowa. Akawuna sun san haka tun zamanin da mai binciken kuɗi ke zuwa baitulmali ba sanarwa.

Haka kuma ya kamata tun yanzu, da babu rikici, wakilai su duba dokar hukumar su ga yadda aka tsara tuɓe shugabanta, da wanda zai riƙe in an dakatar da shi, da kuma inda albashin ma'aikatanta ke fitowa. A Kano a kan tura akanta guda aka faro.

Malamin Kangire ba shi da ikon kiran Antoni-Janar, amma wakilinsa yana da shi. Wakilin Birnin Kudu, da na Gwaram, da na Fagam, kowannensu yakan zo gida, ana ganinsa a wurin ɗaurin aure da jana'iza da masallacin Juma'a. Wanda ya kai koke Dutse ya ji shiru, sai ya riƙe kwafin takardarsa, da ranar da ya miƙa ta, da lambar da aka ba shi in an ba shi. Ya rubuta wa wakilinsa, ya aika kwafi ga Magatakardan Majalisa don a miƙa wa kwamitin koke-koken jama'a, ya nemi a tambayi hukumar ranar da ta gama bincike, a kuma tambayi Ma'aikatar Shari'a ranar da fayil ɗin ya iso hannunta.